Mma tana mantuwa, tana zargin sata, dangi sun ce jifa ne

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce mai shekara 41, ina da 'ya'ya huɗu, ina sayar da atamfa a kasuwar Kejetia da ke Kumasi, ƙasar Ghana. Mahaifiyarmu, muna ce mata Mma, ta haura 70. Kusan shekara 40 ta yi tana sayar da koko da ƙosai a ƙofar gidanmu na Aboabo, ba wanda bai san ta ba a layin. Bara Allah ya yi wa Baba rasuwa. Da ta fita takaba, yayanmu da ke Jamus ya ce wahalar ta isa haka, ya sa aka mayar da ita sabon gidan da ya gina wajen Kenyase, tana zaune da matarsa. Gida ne mai katanga, ga ruwa, ga wuta, ga talabijin.

Tun daga nan Mma ta fara canjawa. Ba ta cin abinci sai an matsa, ta rame har zani ba ya zama a ƙugunta. Ƙarfe uku na dare ta farka ta zauna a bakin gado. Tana yawan cewa, "Ni dai Allah ya ɗauke ni in huta." Wani lokaci ta yi la'asar sau biyu. Ta ce matar yayana ta sace mata kuɗin adashi, daga baya muka tsinci kuɗin ƙulle a tsumma cikin tukunya. Da magariba sai ta ɗauki mayafi ta ce za ta gida, Alhaji, wato marigayi Baba, na jiran abinci. Makon jiya maƙwabta ne suka tsinto ta a bakin titi. Yanzu matar yayana kulle ta take yi a ɗaki in za ta fita.

Yayana ya ce jifa ne, ya turo kuɗi an yi rubutu da hayaƙi, ba sauƙi. Ƙanwar Mma ta ce tsufa ne kawai, a ƙyale ta. Wata a unguwar har ta ce tsohuwar da ke fita da magariba a bincike ta. Na saya mata maganin barci a kemis. Tana da hawan jini, ban ma san ko tana shan maganinta ba. Ni ce nake rufe shago in hau trotro in je, maigidana ya fara ƙorafi. Ranar nan ta tambaye ni abu ɗaya har sau biyar, na daka mata tsawa, ta yi shiru tana kallona. Har yau in na tuna sai na yi kuka. Anti, haukacewa take yi? In na kai ta wajen likitan ƙwaƙwalwa me mutane za su ce? Ko in ɗauko ta, alhali ɗaki biyu gare mu?

'Yar'uwarki daga Kumasi

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yar'uwata. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa, ya ba Mma lafiya. Sannu da ɗawainiya. Duk wanda ya karanta wasiƙar nan zai ga cewa ke kaɗai kike tsaye a tsakiya, kowa yana faɗin ra'ayinsa daga inda yake zaune, ke ce mai shiga mota.

Amsar tambayarki ta farko ita ce, Mma ba ta da lafiya. Duk abin da kika lissafa alamu ne da likitoci suka sani, suna ganinsu kullum a jikin iyaye da kakanni, kuma akwai abin da ake yi a kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa kusan kashi 14 cikin 100 na masu shekara 60 zuwa sama suna fama da wata lalura ta ƙwaƙwalwa ko ta damuwa. A zangonmu ma suna nan, a ɗakunan baya, ana cewa rigimar tsufa ce.

Abu biyu ba za su jira taron dangi ba. Maganin barcin nan, na san tausayi ne ya sa kika saya, amma ki ɗauki kwalinsa ki nuna wa likita cikin makon nan. Yawancin irin waɗannan ƙwayoyi, musamman dangin diazepam da aka fi sani da Valium, jikin tsoho ba ya fitar da su da wuri. Suna taruwa, su ƙara ruɗewa, su kawo jiri, tsohuwa ta tashi fitsarin dare ta faɗi ta karye a ƙugu, kuma karayar ƙugu a waɗannan shekaru takan kwantar da mutum kwanciya mai tsawo. In kwana biyu ko uku kawai ta sha, a daina. In ta yi makonni tana sha kullum, kada ki yanke mata rana ɗaya, likita zai nuna yadda za a janye a hankali.

Sai maganar "Allah ya ɗauke ni." Tsofaffinmu kan faɗi haka, har kunne ya saba, amma daga bakin matar da ta rasa miji, ta daina ci, ta daina barci, ba maganar da za a bari ta wuce ba ce. Ki samu lokacin da ba kowa, ki zauna kusa da ita a tabarma, ki ce, "Mma, in kin faɗi haka, gajiya ce, ko kuwa kina tunanin yi wa kanki wani abu?" Tambayar ba ta saka wa mutum tunanin da ba ya ransa, sau da yawa ma sauƙi yake ji don an kula. A kwashe maganin ɓera, maganin ƙwari da tarin ƙwayoyi daga inda hannunta ke kaiwa. In ta amsa da eh, ko ta ƙi ci da sha gaba ɗaya, ranar za a kai ta asibiti. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce.

Me ke damunta? Likita ne zai tantance bayan ya gan ta, amma gara ki shiga wajensa kina da haske, domin cututtuka uku ne suke shigar kama da juna a jikin tsoho.

Akwai ciwon damuwa. A jikin tsofaffi ba kullum yake zuwa da kuka ba. Yakan zo da rama, farkawar tsakar dare, ciwon jikin da aka rasa kansa, da mutuwar sha'awar abin da mutum ke so a da. Yana kuma kawo mantuwa, domin zuciyar da ta cika da baƙin ciki ba ta riƙe abin da ake faɗa mata. Wannan yana da magani kuma ana warkewa. Ƙwayoyinsa ba sa aiki nan take, sukan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ga canji, kuma ana ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan an ji sauƙi. Nan ne gidaje da yawa ke kuskure: kwana goma ba a ga komai ba sai a ce maganin bature bai karɓe ta ba, a watsar. Kada kuma wani ya ce miki baƙin cikin nan raunin imani ne. Annabi Yakubu ya yi baƙin cikin ɗansa har idanunsa suka yi fari.

Akwai ciwon mantuwa, wanda muke kira gigin tsufa, likitoci kuma dimensiya. La'asar sau biyu, ɓoye kuɗi a manta, neman kai wa Alhaji abinci, duk sun fi karkata nan. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne ke lalacewa sannu a hankali cikin watanni da shekaru. Sama da mutum miliyan 55 ke da shi a duniya, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe irin namu masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi. Nau'in da ya fi yawa shi ne Alzaima, sai wanda ke biyo bayan toshewar ƙananan jijiyoyin jini a ƙwaƙwalwa, kuma hawan jinin da ba a kula da shi ba shi ne babban mai kawo wannan na biyun. Shi ya sa maganar da kika yi a taƙaice, cewa ba ki san ko tana shan maganinta ba, ta fi tsaya mini a rai. Ina so ke da ƙanwar Mma ku zauna ku tuna baya. Kafin rasuwar Baba, ba ta fara rikita canji ba? Ba ta taɓa zuba gishiri sau biyu a ƙullun ƙosai ba? Sau da yawa miji ko mata ne ke rufa wa abokin zama asiri, yana tuna masa wannan, yana gyara wancan, ba wanda ya lura sai ranar da ya kau. Haka ma tsohon gida: ƙafa ta san hanyar bayi, kunne ya san ladanin unguwa, sabo na ɗauke da mutum. A sabon wuri komai sai an koya, kuma koyon ne ƙwaƙwalwar ta kasa. Wannan ciwon ba a warkar da shi, gaskiya ke nan, amma ana rage masa gudu, ana kuma sauƙaƙa wa mai shi da masu jinya ƙwarai.

Na ukun shi ne ruɗewa ta farat ɗaya, wadda ke saukowa cikin awanni ko kwanaki. Ciwon mafitsara, zazzaɓin sauro, ciwon huhu, hawa ko faɗuwar suga, ƙarancin ruwa a jiki, ko wani magani, kowanne na iya birkita tsoho ba tare da jikinsa ya yi zafi ba. Duk ranar da kuka ga Mma ta rikice fiye da jiya nesa ba kusa ba, tana gane-gane ko barci ya danne ta, ko baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, asibiti za a nufa a lokacin. Mutum ɗaya kuma yana iya haɗa biyu daga cikin ukun nan, ni ma abin da nake zato game da Mma ke nan. Ko da an samu ciwon mantuwa, magance damuwar da ke kansa kan dawo da wani yanki babba na mutum.

Ba sai kin kai ta manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na Pantang ko Ankaful ko na Accra ba. Tun da aka yi dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012, wadda ta kafa hukumar kula da wannan fanni, manufar ita ce a riƙa duba mutane kusa da gida, kuma asibitocin gunduma suna da sashe da nas-nas da aka horar kan haka. Ku fara da asibitin Manhyia ko na Tafo, a layin da kowa ke bi. In ana buƙatar ƙwararre, za su ba ku takarda zuwa Komfo Anokye, wato Gee, inda akwai sashen likitocin ƙwaƙwalwa. Ki ce wa Mma za a je duba hawan jini, kuma ba ƙarya kika yi ba, da shi za a fara. Ki duba katin inshorarta na NHIS: mai shekara 70 zuwa sama ba ya biyan kuɗin shekara sai ɗan kuɗin sabuntawa, ana kuma yi ta waya da *929#. Tun Nuwamban 2024 an saka ciwon damuwa cikin cututtukan da inshorar ke ɗauka. Duk da haka ki riƙe wani abu a hannu, wasu gwaje-gwajen sai an biya.

Ki je da shiri. Ki sayi ƙaramin littafi ki rubuta abin da ya faru da lokacin da ya fara. Ki zuba duk abin da take sha a leda ɗaya, na asibiti, na kemis da na gargajiya, ki ɗora wa likita a tebur. Ki nemi a duba jininta, suga, ƙoda, sinadarin tayirod da bitamin B12, a gwada fitsari, a duba ido da kunne, domin tsohuwar da yanar ido ta rufe ko kunne ya toshe takan zama kamar mai gigi alhali ji da gani ne suka ragu. In Mma ba ta yi boko ba, ki faɗa wa likita tun farko, don kada a auna ƙwaƙwalwarta da tambayoyin 'yan makaranta. A yi mata magana da Hausa ko Twi, wanda ta fi sakewa da shi. Matar yayanki ma ta bi ku, ita ce ta san abin da ke faruwa da dare. Game da abin da mutane za su ce kuwa, 'yar'uwa, sun riga sun fara cewa, kuma abin da suke faɗa yanzu ya fi "an kai ta asibiti" muni.

Magani rabi ne kawai. Ki dubi abin da Mma ta rasa cikin shekara guda. Mace ce da ke tashi tun kafin assalatu, ta tace gasara, ta san yawan citta da kanumfarin da ke sa kokonta ya bambanta da na kowa. Gari na wayewa ga 'yan makaranta da kofunansu, ga direbobi, ga mai cewa "Mma, rubuta, sai gobe," ita kuma ba ta rubutawa, a ka take riƙewa. Kafin hantsi ta gaisa da rabin layi, ta ji wa ya haihu, wa ke kwance, gidan wa za a kai gudummawa. Daga nan aka ɗauke ta aka ajiye bayan katanga, inda ba mai sallama daga safe har dare, aka ce ta huta. Miji ya tafi, sana'a ta tafi, maƙwabta sun tafi, ba wanda ke buƙatar komai daga hannunta. Kaɗaici da rashin abin yi suna cikin manyan abubuwan da ke jefa tsofaffi a damuwa, suna kuma ƙara wa mantuwa gudu.

Don haka, in ɗakinta na Aboabo yana nan, ra'ayina a mayar da ita, da sharaɗin ba za ta kwana ita kaɗai ba. Ƙanwarta ta dawo kusa da ita, ko a samu wata dattijuwa amintacciya a riƙa biyanta duk wata. A can, in ta fita, kafin ta kai bakin kwata wani ya ce, "Mma, ina zuwa?" ya rako ta. Wuta da tafasasshen mai kam an gama, amma in wata a gidan ta karɓi sana'ar, a sa wa Mma kujerarta a gefe, ta ɗanɗana, ta yi gyara, ta yi faɗan an cika ruwa. A kai ta suna da biki da makarantar mata ko da rabin awa ne. Ku gwada wata ɗaya ku gani. Ina dai gaya miki tun yanzu, gidan da mai ciwon mantuwa ke nema wani lokaci zamani ne da ya wuce, lokacin da Alhaji ke raye kuna ƙanana, saboda haka tana iya cewa za ta gida ko tana tsakar gidan Aboabo. In hakan ta faru kada ki ce komawar ba ta yi amfani ba. Ki duba cin abincinta, barcinta da fara'arta.

In komawa ba za ta yiwu ba, ta zauna a Kenyase amma a samo mai zama da ita da rana, a riƙa kai ta Aboabo ta wuni sau biyu a mako, ƙawayenta ma a biya musu kuɗin mota su zo. Ɗauko ta gidanki shi ne na ƙarshe a wajena. Ɗaki biyu da yara huɗu, ga sabon wuri na uku da za ta sake koya, ga ki a kasuwa har yamma. Za ki ƙare ba ki tsira da lafiyarki ba, ba ki tsira da zaman gidanki ba, ita ma ba ta samu natsuwa ba.

Yayanki bai yi don mugunta ba. Ɗa ne da ke can cikin sanyi yana tuna uwarsa a bakin murhu, ya yi abin da yake gani shi ne gata. Mai nisa kuma yakan riƙe maganar jifa don tana ba shi abin da zai iya yi da kuɗi daga inda yake. Kada ki buɗe magana da "kai ka jawo." Ki kira shi ta bidiyo dab da magariba ya ga halin da take shiga da idonsa, gani ya kori ji. Kada ku yi jayayya kan malam. Addu'a da karatun Alƙur'ani a ci gaba, za su ma kwantar mata da hankali, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni da neman magani. Iyakar da za ki ja ita ce: ba duka, ba ɗauri, ba hana abinci, ba hayaƙi a rufaffen ɗaki, ba jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba ga mai hawan jini. Dokar 2012 ma ta hana azabtar da mai irin wannan lalura ko a ina ne. Sannan ki nemi abu takamaimai daga gare shi: adadi sananne duk wata don mai zama da ita, magani da kuɗin mota, da kira a rana sananna wanda zai yi hira da Mma ita kanta.

Matar yayanki tana buƙatar a sanyaya mata rai. Mijinta ba ya nan, an bar ta da surukar da ke kiranta ɓarauniya, ga tsoron kada tsohuwa ta ɓata a hannunta a ce sakacinta ne. Ki je ki gode mata, ki kuma wanke ta a gaban dangi da bakinki, ki ce kuɗin an gan su, zargin kuma daga ciwon yake, domin mai wannan ciwo wanda ya fi kusa da shi yake zargi. Bayan haka ki gaya mata cikin lumana cewa kullewar nan ta tsaya. In gobara ta tashi fa, ko Mma ta faɗi a ciki? Kuma kulle yana ƙara firgici, firgici ya ƙara neman gudu. A rataya ƙararrawa a ƙofar gida, a ɗinka ƙyalle mai sunanta da lambar wayarki a cikin mayafinta, a gaya wa masu shagon layin su tsayar da ita da hira in sun gan ta, ki kuma ajiye sabon hotonta a wayarki.

Maganar maƙwabciyar nan kuwa, kada ki ɗauke ta da wasa, kada kuma ki je ki yi cacar baki. A 2020, a Kafaba da ke yankin Savannah, an kashe tsohuwa mai shekara 90 da duka a bainar jama'a kan zargin maita. A 2023 majalisar dokoki ta amince da ƙudurin haramta irin wannan zargi, ko da yake shugaban ƙasa na lokacin bai sa masa hannu ba. Irin wannan abu da raɗa yake farawa. Maigidanki ko wani babba namiji a dangi ya samu limamin unguwar, ya gaya masa Hajiya ba ta da lafiya, tana ganin likita, a taya da addu'a da sa ido. In magana ta fito daga bakin liman, ta rufe bakin mutane da yawa. Ƙanwar Mma kuma tana da rabin gaskiya, Suratun Nahli ta ambaci wanda ake mayarwa ga mafi ƙasƙancin rayuwa har ya zama bai san komai ba bayan sani. Amma tsufa shi kaɗai ba ya hana mutum ci, ba ya sa shi neman mijin da ya rasu. Ki jawo ta jiki, ita ce za ta fi kowa amfani a jinyar nan.

A zaman yau da kullum, ku daina musu da Mma, domin hujja ba ta zama a inda mantuwa take, ɓacin ran ne kawai ke saura. In ta ce an sace, a ce, "Kai, bari mu duba tare." Ku gano wuraren ɓuyanta, yawanci biyu ne ko uku, a bar mata ƙananan kuɗi a hannu, manyan a adana. In ta ce Alhaji na jira, kada a riƙa sanar da ita mutuwarsa sabuwa kullum, kowane karo kamar ranar farko take jin ta. Ki ce, "Mma, wace miya ya fi so?" ki bar ta ta ba ki labari, ki miƙa mata wake ta tsince, lokacin zai wuce. Rikicewar yamma sananniya ce a wannan ciwo, don haka a kunna fitilu tun kafin duhu, a rage ƙarar talabijin, a sa ta ɗan taka da la'asar, a rage barcin rana. Kada a ajiye mata kwano a ɗaki a fita, a ci tare da ita, a riƙa miƙa mata ruwa ko ba ta nema ba. Magani kuma ya koma hannun mutum ɗaya da zai ba ta ya ga ta haɗiye. In ta maimaita salla ku ƙyale ta, wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami, kuma sallar tana cikin abubuwan da ke riƙe da ita. In azumi ya zo, ku tambayi likita da malami tun da wuri game da ciyarwa a madadinsa.

Saura ke. Kina kuka ne don kin san ayar da ta hana a ce wa iyaye ko "uf", kuma kukan shaida ne cewa zuciyarki na nan da rai. Ki nemi gafarar Allah, ki je ki durƙusa ki ce, "Mma, ki yafe mini," ko ta manta abin da ya faru. Daga nan ki gyara abin da ya haifi tsawar, wato gajiya. Wadda ba ta yi barci ba, ta rufe shago, ta sha cunkoson hanya, ta tarar da tambaya ta biyar, za ta sake yi in ba a rage mata kaya ba. In kin ji abin yana tasowa, ki fita tsakar gida ki sha ruwa ki dawo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: ku raba kwanakin mako tsakaninki, matar yayanki, ƙanwar Mma da manyan jikoki, a rubuta, kowa ya san ranarsa. Maigidanki ma ina jin rashin sanin iyakar abin ne ya fi damunsa. Ki zaunar da shi ki gaya masa abin da likita ya ce, ki ce ranaku kaza za ki je, sauran kina gida da shago, ki kuma roƙe shi abu ɗaya da zai ɗauka, ko da raka ku asibiti ne. In ke ma barcinki ya lalace, ko kuka ya ƙi tsayawa fiye da mako biyu, ki faɗa wa nas ɗin da ke duba Mma, masu jinya ma ana duba su.

Akwai aikin da ake yi tun da sauran lokaci. Da hantsi, lokacin da kanta ya fi washewa, ku zauna da ita ke da ƙanwarta, yayanki yana kan waya. Ku tambaye ta wa take bi bashi, wa ke binta, ina zubin adashinta ya tsaya, ina takardun ɗakin Aboabo da katinta na ɗan ƙasa, wa ta yarda ya riƙe mata lambar sirrin MoMo, wato asusun kuɗinta na waya. Ku tambaye ta ina take so ta zauna, da wa, ku rubuta amsarta da kalmominta a gaban shaidu biyu. In ta gaji a tsakiya ku tsaya, ku ƙarasa wata safiyar.

Allah ya ba ta lafiya, ya ba ki ladan jinya.